Jan Tafin Hannun Lami

Shekara goma sha tara Malama Hajjo ta yi tana awon ciki a wani ƙaramin asibiti da ke bayan masana'antun Challawa. Ba ta da na'urar gwajin jini, sai ido. Takan buɗe tafin hannun mace ta duba: in da ja, da jini; in ya yi fari fat, sai magani. Har alfahari take yi da idon nan nata.

Wata Talata masu awo suka haura arba'in, ga ta ita kaɗai. Lami, mai aiki a sashen rini na wata masaƙa, ta miƙo hannu tana kukan jiri. Hajjo ta ga tafi jawur, ba ta ko ja fatar idonta ta leƙa ba.

"Ke da jininki kamar na ragon layya? Gajiya ce kawai. Wa ke biye?"

Ashe rini ne. Jan lalle kam Hajjo ta san shi, amma wannan jan, in aka wanke shi da sabulu, kalar lafiya yake bari. Bayan sati uku Lami ta yanke jiki ta faɗi a bakin inji. Sai da aka ƙara mata jini leda uku a babban asibiti kafin aka ceto ta da cikin.

Tun daga ranar, Hajjo ta daina yarda da idonta. Ta rubuta takardar ajiye aiki, tana yawo da ita a jaka.

Ana haka shirin jiha na inganta ƙananan asibitoci ya turo wata matashiyar jami'a, Aina'u, da 'yar na'urar gwajin jini da ba ta fi wayar hannu ba. Hajjo ta ɗauka bincike aka zo, ta zayyana mata komai.

"Kada ki wahala, 'yata. Laifina ne. Ga takardata."

"Mama, ku mayar da ita jaka. Asibiti shida nake zagayawa daga Sharada zuwa nan, ba wanda ya taɓa yi mini zancen rini. Ranar Alhamis akwai horon ma'aikatan asibitocin, ku za ku faɗa musu."

"In tsaya gaban yara in tona wa kaina asiri?"

"Su ma masu rini suke dubawa, Mama."

Hajjo ta je, ta faɗa. Ba wanda ya yi dariya. Rubutu suka yi ta yi.

Yanzu tambayarta ta farko ga kowace mace ita ce, "A ina kike aiki?" Sannan ido, sannan na'ura.

Ranar da Lami ta dawo da jaririyarta a goye, ta shimfiɗa jan hannunta a tebur.

"Malama, a duba mana jinin ragon."

"Allah ya shirye ki! Kawo yatsa."

Hajjo ta kama yatsan ta tsira allura. Ta ɗiga jinin a na'ura.