Baƙin Alƙalamin Goggo Saratu

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Goggo Saratu takarda ya san ba ta dawowa yadda ta tafi. Kun dai san baƙin alƙalamin nan nata mai faɗin baki, irin wanda 'yan kasuwa ke rubutu da shi a jikin kwali, wanda take sokewa a gefen ɗankwali. Da shi ta yi aikin jinya, da shi ta yi ritaya. Ko katin biki ka ba ta sai ta ɗora tabarau ta bi shi da yatsa, ko Allah zai sa ta samu asirin wani da za ta shafe. Ni Rifkatu, 'yar ƙaninta, da tsautsayi ya sa na bi sawunta a aikin jinya, ni na fi kowa shan wannan alƙalami. Kuma tun ranar jana'iza wasunku ke ja na gefe, murya ƙasa-ƙasa kamar masu tausayi: "Wai ni Rifkatu, me ya kashe Sista Saratu ne?" To ku gyara zama, zan zo wurin.

Kun tuna Lahadin da sakataren coci ya tashi sanarwa? Ya ce ikilisiya ta sa wata 'yar'uwa a addu'a. Ba zan faɗi sunanta ba, kada Goggo ta taso. Shi kam ya faɗi suna, ya faɗi unguwa, ya ce ranar Talata za a yi mata aikin basir. Lambar gadon asibiti kaɗai ta rage mana. Sai ga Goggo a tsaye, ana tsakiyar sujada.

"Sakatare! Allahn nan da za mu roƙa, bai san ciwon ba ne sai ka gaya masa da lasifika?"

Fasto ya kama kallon fanka. Daga ranar, takardar sanarwa sai ta biya ta hannun Goggo kafin ta hau bagade. Mako na gaba bawan Allah ya tashi yana laluben abin da ya rage tsakanin baƙaƙen layuka, ya ce, "Mu yi addu'a domin wani, da ke fama da wani abu." Amin ɗin Goggo har bakin titi aka ji shi.

Rowa kuwa, kada mu yi wa mamaci ƙarya, akwai ta. Ita tsimi take kiranta. Ganyen shayi ɗaya sai ya ga kwana uku, ledar burodi sai an wanke an shanya. To wata rana ta sayi ƙosai a Samaru, aka naɗe mata a takarda. Kun san halinta, kafin ta ci ƙosan sai da ta karanta takardar. Ashe takardar tambayoyi ce ta wani ɗalibi mai bincike, a cike tsaf: sunan wata mata, unguwarta, ciwonta, har da sau nawa ta yi ɓari, ga man ƙosai ya jiƙa sa hannun.

"Baiwar Allah, ina kika samo wannan?"

Mai ƙosai ta ce, "Wani ɗalibi ne ya gama karatu ya bar min buhu guda."

Goggo ta koma gida Palladan, ta kwaso tsofaffin jaridu da kalandun da ta yi shekaru tana tarawa, waɗanda ko shafi ɗaya ba ta taɓa ba mu mun hura gawayi da shi ba, ta kai wa mai ƙosai suka yi musaya. Ta ɗoro buhun a acaɓa. Da na shigo na tarar tana cusa takardun a murhu ɗaya bayan ɗaya, ga ƙatuwar tukunya a kai. Na ce Goggo wannan fa? Ta ce, "Asirin mutane ya tafi, ruwan wanka ya yi zafi. Asarar me aka yi?"

Nata binciken kuma, na matan kasuwar Sabon Gari da suke daina zuwa awon hawan jini, shi ma sai da ya tayar da ƙura. Manyan malaman jami'a a Samaru suka shirya mata taro, da lemo da mai ɗaukar hoto. Ta ce musu, "Ku duba min kuskure, wannan aikinku ne. Amma tafi ya jira. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Ta ɗauki kujerar tsuguno ta shiga kasuwa rumfa-rumfa, da Hausa da Turancin buroka, tana gaya wa matan da ta ɗaura wa abin awo a hannu abin da ta gano da abin da ba ta gano ba. Sai da suka gama yi mata gardama sannan ta je ta sha lemon malamai, ta kuma sako kwalbar da ta rage a jaka.

A taron ne wani ɗan jaridar gidan rediyo ya ji ta ce wasu matan zoɓo suke sha a maimakon ƙwaya. Kashegari ya biyo ta gida da labarinsa a rubuce, yana washe baki: ma'aikaciyar jinya ta gano maganin hawan jini a cikin zoɓo!

Ta ce, "Ɗana, cewa na yi sun ce suna sha. Yaushe na ce ya warkar?"

"Mama, ai in ba haka ba mutane ba za su saurara ba."

"In tsohuwa ta saurare ka ta zubar da ƙwayarta ta faɗi, kai za ka zo kana juya ta a gado?"

Ta zaro alƙalami. Da ta gama, abin da ya tsira a takardar shi ne gaisuwar masu sauraro da sunan shi ɗan jaridar.

Duk wannan dariya nake yi, har ranar da abin ya zo kaina. Na koma ƙarin karatu a Samaru, na yi nawa binciken a kan waɗanda suka gama shan maganin tarin fuka, yadda suka ƙare da mutane. A cikinsu akwai wata, mu kira ta Maman Biyu, mai sayar da alale a Muchia. Ta sha maganinta har ƙarshe, ta warke sarai. Amma sai da na rantse mata ba wanda zai ji kafin ta buɗe baki, don ta ce in kasuwa ta ji, ko kare ba zai ƙara tsayawa a teburinta ba, kuma teburin nan shi ne cin yaranta.

Ni kuwa gwanar riƙon amana, na cire sunanta. Na rubuta, "wata mai sayar da alale a Muchia, uwar tagwaye, 'yar ƙungiyar mawaƙa a cocinsu." Malamai suka yaba, har wani ya ce labarin ya taɓa shi. Ina ruwan farfesa da mai alale a Muchia? Sai zumuntar matan coci ta Sabon Gari ta gayyace ni in yi musu jawabin lafiya. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na juya takardar nan zuwa Hausa yadda take, na kai wa Goggo da safe ina taƙama, wai ta ga 'yarta ta zama masaniya.

Ta karanta, ta cire tabarau, ta dube ni.

"Kai, kin ɓoye ta sosai. Saura ki manna hoton tagwayen."

"Goggo, babu suna fa!"

"Masu alale nawa ne a Muchia da suka haifi biyu kuma suke waƙa a coci? A Samaru ba wanda ya san ta. Matan da za ki tsaya a gabansu kuwa, su suka yi mata wankan jego."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce ai nan ne zuciyar jawabin, nan ne mata za su yi kuka su daina ƙyamar masu ciwon. Ta ce, "Ƙwarai, za su yi kuka ranar Asabar. Ranar Litinin su sayi alale a wani tebur." Ta kai hannu gefen ɗankwali, na fizge takardata. Tsohuwar nan da ke tafiya a ƙasa daga Palladan don kada ta hau mota, ranar ita ta tsayar da keke da kanta, ta ce in shiga. Sai Muchia.

Muka samu Maman Biyu a bayan gida tana ƙulla alale. Goggo ta ce, "Karanta mata. Labarinta ne." Na fara da ƙarfina. Kafin in kai kan tagwaye, ludayin da ke hannun matar ya tsaya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce a hankali, "Sista Rifkatu, ai kin ce ba wanda zai ji." Jama'a, na ji kunyar da ban taɓa ji ba a rayuwata. Na tsaya da takarda a hannu kamar an kama ni da kayan sata, kuma kayan satar ne.

Goggo ta ce, "To, tambaye ta abin da ta yarda a faɗa."

Maman Biyu ta goge hannu a zani ta ce, "Ki ce ana warkewa. Ki ce a sha magani har ƙarshe. Sauran nawa ne."

Ni da hannuna na karɓi alƙalamin na shafe. Har kundin binciken da na miƙa wa malamai sai da Goggo ta sa na koma na gyara kafin a ɗinke shi a ajiye, wai ɗaliban Samaru ma suna da iyaye a Sabon Gari. Ranar jawabi ba wadda ta yi kuka. Maman Biyu tana layi na biyu tana tafi, da aka tashi kuma alalenta aka raba, har da masu neman ƙari.

Na ga wasunku sun fara ƙirgen masu alale da yatsu. Ku huta! Ba alale take sayarwa ba, ba a Muchia take ba, tagwayen ma yanzu na haifa mata su. Sai da na je na nemi izininta kafin in ba ku labarin nan. Teburinta na nan, yaranta sun girma a kansa, kuma ba mamaki wani a cikinku ya ci abincinta a makon nan ya lashe hannu.

Yanzu ga amsar tambayarku. Ni na yi jinyar Goggo, na san ciwon da sunansa. Ana saura kwana biyu ta cika, ta sa na ciro alƙalamin daga ƙarƙashin matashi, ta danƙa min. Muryar ta tafi amma bakin na nan.

"Za su tambaye ki. Me za ki ce?"

Na ce, "Zan ce Mai ita ya kira ta."

Ta lumshe ido ta ce, "Yauwa. Shi ya san ciwon, ba ya bukatar lasifika."

Iyakar abin da ta yarda a faɗa ke nan, sauran nata ne. Ina kewarta, har faɗan nake kewa. Ya Ubangiji, baiwarka Saratu ta ƙare kwanakinta tana rufa wa bayinka asiri. Ka rufa mata nata. Abin da ta yi ba daidai ba, ka ja masa baƙin layi yadda ba mai iya karantawa, ka ba ta hutawa. Amin.