Matar da Ta Zo Daga Jiwa

Ina tsaye a shagona a kasuwar Garki, ina auna wa wata mata yadi biyar na shadda, wayata ta yi ƙara. Yayata ce daga asibiti. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Sai haƙuri." Na ƙarasa yankan, na naɗe shaddar, na miƙa wa matar, sannan na zauna. Maiɗakina ce ta rasu bayan jinyar kusan shekara guda. Ta bar ni da yara uku.

Da aka yi arba'in kowa ya watse. Dangi suka koma Funtua, Yaya ta koma gidan mijinta a Orozo. Muka shiga sayen abinci a waje, sai autanmu mai shekara huɗu ya daina ci. Kullum sai shayi da burodi, yana ta ramewa a gabana.

Lokacin kuɗi ya shigo garin. Soja sun koma bariki, an ƙara wa ma'aikata albashi, kowane darakta yana neman kuku. Na je wurin wani dillali mai samo masu aikin gida. Ya ce kuku namiji wanda ya yi aiki a otal, albashinsa ya kai hayar shagona ta wata. Mace ta fi sauƙi, amma sai na ba ta ɗaki ko kuɗin mota, ga sabulu, ga ɗinkin salla, kuma albashin watan farko na dillali ne.

Na ce masa ya sassauta, rasuwa aka yi mini.

Ya ce, "Allah ya jiƙanta, Alhaji. Amma Abuja kake, ba Funtua ba."

Bayan kwana uku wata mata ta yi sallama a ƙofata da safe. Ba yarinya ba ce, ba kuma tsohuwa ba. Ta ce daga ƙauyen Jiwa take, ta ji ana neman mai girki. Hausarta irin ta mutanen nan ce, ba ta raba mace da namiji. Na ce wa ya gaya mata, ta ce, "Wani ne ya faɗa ni." Na ce nawa za ta karɓa. Abin da ta faɗa bai kai rabin na dillali ba. Ba ta son ɗaki, za ta zo bayan na fita, ta tafi kafin in dawo.

Na ɗauke ta don ba ni da yadda zan yi, amma hankalina bai kwanta ba. A wancan lokacin ban taɓa ganin wanda ya rage wa kansa kuɗi a Abuja ba.

Ranar farko na jinkirta fita don in nuna mata kicin. Kafin in buɗe baki ta zura hannu bayan buhun gero ta zaro muciya. Ni kaina ban san can ake ajiye ta ba. Da yamma na tarar da tuwon shinkafa da miyar kuka. Babbar ɗiyata an sa mata yaji a gefe, na tsakiya an rage masa miya, auta an gutsuttsura masa tuwon ƙanana. Ya cinye tas. Ni kuwa loma biyu na yi na cire hannu, domin hannun marigayiya na ji a miyar.

Na kai wa Yaya maganar.

Ta ce, "Kai dai har yanzu yaro ne. Mace ta kawo kanta, ta karya farashi, ta san inda muciya take? Ko ta daɗe tana leƙen gidan, ko turo ta aka yi. Gida ba mace, ga shago a Garki. Kar ka ci abin da ba a dafa a gabanka ba."

Na ce, "Yaya, yaran fa suna ci."

Ta ce, "Ai ta yaran ake shiga."

Daga nan na koma cin abinci a kasuwa. Ina dawowa in buɗe tukunya in sansana. Ina tambayar babbar ko matar tana yi mata maganata. Ta ce a'a, sai dai kullum idan sun dawo makaranta tana ganinta ta fita da wani kwano ƙunshe a zane, ta dawo da shi wayam.

Wata Alhamis na rufe shago da azahar na dawo. A bakin ƙofa muka yi kiciɓis. Na ce ta kwance zanen. Kwanon samira ne mai shuɗin murfi, daga kayan ɗakin marigayiya. Ciki tuwo ne da miya da tsoka biyu.

Na ce, "Na wane ne wannan?"

Ta ce, "Na Iya ne, oga. Hajiya ne ya ce..."

Na ce, "Kar ki ƙara kawo ta cikin maganarki."

Na karɓe kwanon, na ba ta kuɗin watan duk da bai cika ba, na ce kar ta dawo. Abin da ta ce kawai shi ne, "Auta ba ya so ya ga albasa a miya. A niƙa shi." Ta tafi.

Ranar Lahadi wata tsohuwa ta dogaro sandarta har ƙofata. Iya ce, mai sayar da gyaɗa a bakin layinmu, na yi shekaru ina wuce ta da gaisuwar hannu.

Ta ce, "Ɗan nan, lafiya dai? Kwana uku ban ga kwano ba, na ce ko wani ciwon ne kuma ya shigo gidan."

Na shimfiɗa mata tabarma. Ta ce shekara shida maiɗakina tana aika mata abincin rana. Matar Jiwa kuwa, doya da kuɓewa take kawo wa gidanmu daga gonarsu. Da ciwo ya yi nauyi, marigayiya ta riƙa kiran matar da safe, bayan na tafi kasuwa yara sun tafi makaranta. Takan zauna a kujera a ƙofar kicin tana nuna mata yadda kowane yaro yake cin abinci. Sun yi watanni a haka.

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini.

Ta ce, "Marigayiya ce ta hana. Ta ce kai kullum cewa kake za ta warke, ba za ta karya maka zuciya ba."

Na tambaye ta dalilin da matar ta rage kuɗinta. Ta ce wannan ba ta sani ba.

Na koma wurin dillali na biya yadda ya ce. Wadda ya kawo ta iya girki daidai gwargwado, na gaya mata maganar albasa, kuma kwanon ya ci gaba da zuwa bakin layi har tsohuwar ta rasu.

Sau biyu na je Jiwa ranar Juma'a neman matar. Duk wanda na tambaya sai ya ce, matar wa? 'Yar wane gida? Ban sani ba. Ranar da ta zo, kuɗinta kawai na tambaya da wanda ya turo ta, ban tambayi ko sunanta ba. Auta yanzu har ya yi aure. Matar ban same ta ba, kuma ban nemi gafararta ba.