Motar da Inna Ta Ce In Ɗaure

Autanmu ne ya shigo Yelwa da motar. Ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta dab da ƙasa har kana tsoron kada ta kwashi dutse. Ya yi shekaru yana kai busasshen kifi kudu, da hannunsa ya ɗan yi nauyi sai ya rasa abin saye duk duniya sai ita. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar kwando, mutum na uku ma sai ya naɗe ƙafa. Na ce masa takalmi mai taya ya sayo. Ya yi dariya, ya miƙo min makulli, ya ce in ƙara mata ƙarfi yadda ya ga samarin Kaduna na yi wa nasu.

Ni bakanike ne. Na fi shekara ashirin ina kwanciya a ƙarƙashin motocin kifi da na shinkafa, irin waɗanda waya da addu'a ke riƙe da su. Ban taɓa sa hannu a inji irin nata ba. Da na ɗaga bonet sai da na ja baya na ƙare masa kallo.

Kwana biyu da zuwan motar, Inna ta aiko in zo. Ni ne ɗan farinta, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni. In tana son abu a wurina sai ta gaya wa matata, ko ta gaya wa bango ina ji. Ranar kuwa ta sallami kowa, ta dube ni ido cikin ido. Na san abin da ke ranta, don mahaifinmu direban babbar mota ne, kuma a hanyar Kontagora ya rasu, Auta yana goye.

"Motag ga," ta ce, "ɗaure mani ita. Kai ka san inda aka taɓawa ta bar gudu. Kada shi sani."

Na ce to, kuma har zuciyata na faɗa. Aikin bai kai na shan shayi ba: a rage wa totur tafiya, a ɗan toshe wa inji numfashi, Auta ya yi ta zargin man fetur. Tunda na yi wayo, wannan ne abu na farko da ta roƙe ni da bakinta.

Sai dai na ce kafin in ɗaure ta, bari in ga iyakarta sau ɗaya. Nan Shaiɗan ya samu wurin zama. Na sauya salansa. Na sa mata babbar turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, na aika ƙwaƙwalwar motar Kaduna aka sake mata lissafin mai. Ranar da na gwada ta a hanyar Shanga, na taka totur kujera ta manne da bayana, gonakin gero suka zama zane ɗaya. Na dawo ina dariya ni kaɗai. Ban ɗaure komai ba.

Kwana uku ta yi a hannun Auta, kuloci ya ƙone a kusa da Warra, aka jawo ta da igiya a bayan motar kifi. Kashegari sai ga kwano daga wurin Inna: tuwon shinkafa, da kan giwan ruwa guda a cikin miya. Matata ta ce Inna ta ce a gaishe da mai aiki. Inna ta ɗauka ni na lalata motar da gangan. Na zauna na cinye tuwon tas.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ƙarfin inji kamar ruwan damina yake a bakin gona, in ka toshe nan sai ya ɓalle can. Na sa kuloci mai tauri, sai shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga taya ya karye kamar rake. Na samo mai kauri, sai giya ta uku ta zubar da haƙora. Duk lalacewa motar kan yi makonni a garejina, Auta na zaune gari yana tsaki, kwanon Inna na zuwa. A bakin kasuwa aka sa mata suna motar kallo. Wani da ban ɗauke shi bakin komai ba ya ce ai bakaniken keke aka ba jirgin sama. Wannan magana ta ci ni fiye da yadda ya kamata.

Matata ta gane komai. Ta ce ko in daina gyaran, ko in daina cin tuwon. Na daka mata tsawa, don gaskiya ta faɗa.

Wata bakwai na yi ina fama. Na ɗauko giyar wata mota da ta fi ta nauyi na daidaita mata, na sa abin sanyaya baƙin mai, na sauya robobin da ke riƙe inji. Na koyi rage iskar turbo a giya ta ɗaya da ta biyu, don ƙarfin ya shigo a hankali, kada ya fizgi ƙarfe. Na kuma sa mata manyan burki, ina gaya wa kaina wannan kason Inna ne. Daga nan motar ta daina lalacewa. Aiki ne da ban taɓa yin mai kyansa ba, kuma har yau in na tuna sai in ji daɗi da kunya a haɗe.

Auta ya shiga zuwa Kontagora ya dawo kafin shayi ya huce, yana faɗa da bakinsa a majalisa. Mata masu zuwa markaɗe gidanmu suka riƙa ba Inna labarin yadda jar mota ta wuce su. Kwano ya daina zuwa.

Wata Juma'a na je gaishe ta, na tarar tana tsintar shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba.

"Yau kwana arba'in motag ga ba ta kwana gareji ba," ta ce. "Wa ag gyara ta?"

"Ni ne, Inna."

Na soma yi mata bayanin burki, cewa yanzu ko a guje take, taku ɗaya ta tsaya. Ta bari na gama.

"Ubanku ma burkinai lahiya lau yake," ta ce. "Tashi ka tahi."

A makon nan na ce wa Auta ya kawo motar a sauya mai, na ɗaure ta yadda aka roƙe ni tun farko. Na makara. Ya riga ya san muryarta da nauyin ƙafarsa a kanta, kafin ya kai tasha ya gane. Ya wuce da ita Kaduna aka kwance abin da na ɗaure, kuma tun daga ranar bai sake ba ni makullinta ba.

Auta na nan da ransa, yana gudunsa. Motar ba ta lalacewa, ni na tabbatar da haka. Inna ta koma ɗaure waya a bakin zane, in ta yi ƙara sai ta dafa ƙirji kafin ta ɗauka. In na je gaisuwa tana amsawa, ba faɗa, ba gori, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Watan jiya injin markaɗenta ya tsaya. Ina bakin gareji da sifana a hannu sai ga mai baro ya turo shi, Inna na biye a baya. Na ajiye sifanar, na goge hannu a riga. Suka wuce ta gabana, suka nufi wurin bakaniken da ke ƙarshen layi. Daga inda nake tsaye na ga abin da ya samu injin. Bel ne kawai ya tsinke.