Shaidar da Aka Yi wa Malam Almu

Duk wanda ya ce maka mutanen unguwar nan ta Dakoro sun riƙe Malam Almu da mutunci, ƙarya yake yi. Matarsa Hadizatu tana nan da ranta, a je a tambaye ta.

Malam Almu mai makarantar allo ne, kuma shi ke ba unguwa salla. Geronsa da hannunsa yake nomawa, bai taɓa tura ɗan wani gonarsa da sunan neman albarka ba. In Hadizatu tana jego, shi ke zuwa rijiya da guga, maza na yi masa dariya, shi ko yana jan ruwa yana tilawa. Ba ya sa loma a baki sai ya ga kowa a gidan ya ci.

Ana saura ƴan shekaru Annasara su tafi, kwamandansu ya aiko a ba da yara uku daga unguwar a kai lekol, wato makarantar boko. Ranar nan aka ga abin kunya. Iyaye suka cusa ƴaƴansu cikin rumbuna, wasu suka kora nasu daji wurin Fulani. Dogarai suka ce in ba a fito da yara ba magidanta za a ɗaure, ga shi ruwa ya sauka, shuka ake yi. Malam ya shiga gida ya fito da nasa, Harisu da Cindo da ƴar autarsa Baraka.

"Ga uku nan," in ji shi. "Ku bar mutane su tai gona."

To, me aka saka masa da shi? Kafin gero ya yi bununi sun kwashe yaransu daga makarantarsa, wai mutumin da ya miƙa wa Annasara ƴaƴansa ba a bin sa salla. Suka ba Alhaji Na'Allah, mai fataucin hatsi, limanci. Malam ya koma sahun baya. Nasa ukun kuwa, in sun taso daga lekol, ya zaunar da su a zaure ya biya musu allo, har suka sauke. Hadizatu ce kullum ke ƙorafi, shi sai dai ya ce mata, "Yi haƙuri, za su gane."

Suka gane ɗin! Bayan an samu mulkin kai, Harisu ya zama malamin lekol a Birnin Lalle, Cindo ya sa kaki yana yi wa shanu allura, Baraka na karɓar haihuwa a gidan likita. Sai baki ya juya. Wai Malam wayo ya yi, ya cinye guraben unguwa shi kaɗai. Subhanallahi! Mutanen da suka zaro ƴaƴansu daga rumbu da ƙaiƙayi a ka, su ke faɗin haka, ko kunya babu.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙa: maƙwabta su zo a yafi juna, ya ji da kunnensa ba su riƙe shi da mugunta ba. Hadizatu ta haɗiye fushinta, ta yafa zane ta bi gida gida.

"Alhaji, don Allah ka leƙo shi."

"Sai na komo daga Maradi," in ji Na'Allah.

Ya je ya dawo, bai leƙo ba. Sauran ma haka. In Malam ya ji motsi a zaure sai ya ɗaga kai ya ce, "Su ne?" Ita ko ta ce, "Akuya ce, Malam." Wannan amsa har yau tana ci mata rai.

Ranar da ya rasu kuwa ƙofar gida ba masaka tsinke. Aka aje makara, aka yi salla. Na'Allah ya juyo ya yi tambayar da aka saba yi a kan gawa: "Jama'a, wace shaida kuka yi mishi?" Bai ma jira ba, shi ya fara amsawa, sauran suka ɗauka baki ɗaya: "Mutumin kirki ne! Wallahi mutumin kirki ne!"

Hadizatu na bayan darni. Ta shiga takaba, ba a so a ji muryarta. Mata suka riƙe ta, ta fizge.

"Alhaji!" Muryar ta tsallake darni. "Tun bazara yake sauraren wagga magana, ɗakinshi ga shi nan kusa da ku. Sai yanzu kuka iya faɗinta, da kuka toshe mishi kunnuwa da auduga?"