Yatsuna Biyu a Harabar Kolej

A Tamaske aka haife ni, kuma babana kurma ne, don haka hannuna ya riga bakina iya magana. Da na girma na ƙaro ilimin maganar hannu, aka tura ni wani kolej a ƙasar Buza inda aka haɗa kurame huɗu da yara masu ji. Aikina in tsaya gefen allo, mushe, wato malami, na koyarwa da baki, ni ina mayar musu da hannu.

Babba a cikinsu ɗan Fulani ne, dogo, ya girme wa ƴan ajinsa domin ya daɗe yana bin shanu kafin a sa shi lakwal, wato makarantar boko. Ba shi da faɗa, sai son dariya.

Bayan hutu aka kawo mana sabon sarbeyan, wato mai kula da ladabin yara. Da guntun tiyo yake yawo a hannu. Ranar da abin ya faru an buga ƙarfen ɗaga tuta, kowa ya shiga layi, ɗan Fulanin kuwa yana bakin famfo ya ba da baya, yana wanke ƙafa. Sarbeyan ya yi ta kira, shiru. Ya tafi da sauri ya zuba masa tiyo a gadon baya.

Ina ofishin malamai na ji ihun. Wanda bai taɓa jin kurma ya yi ihu ba, ba zai gane ba: ƙara ce daga ƙirji, ba harafi a cikinta. Na fito ba takalmi.

Yaron ya juyo, ya ɗaga tafin hannu a buɗe, sannan ya nuna kunnensa. Cewa yake a dakata, ba ya ji. Sarbeyan ya ɗauka daƙuwa aka yi masa.

"Ni za ka zaga? Uwata?"

Ya shiga tafkarsa a fuska, a wuya, duk inda ya samu. Yaron ya riƙe tiyon ya fizge. Sai mutumin ya sunkuya ya ɗauki ƙafar wani karyayyen benci.

"Mushe, kurma ne! Bai ji ka ba!"

Ban san ko muryata ta kai gare shi ba. Na ga katakon ya nufi kan yaron, na sa hannun dama. Na ji ƙas, na durƙusa. Yatsuna biyu sun lanƙwashe baya, farce ɗaya ya fita, jini na bin gwiwar hannuna.

Ƙasarmu ba ta rasa dutse. Yaron ya dube ni, ya ɗauki ɗaya da hannu biyu ya sauke wa sarbeyan a goshi. Mutumin ya faɗi, jini ya rufe masa ido, yaron ya hau ruwan cikinsa yana naushi. Da ƙyar malamai suka ɓamɓare shi. Layi ya watse, yara suka kama jifa, tagogin ofis suka tarwatse, wata yarinya ta samu rauni a kunne. Sai da jandarmomi suka zo aka lafa.

Daga likita aka wuce da ni jandarmari, hannuna a naɗe, domin ba wanda zai iya ɗaukar maganar yaron sai ni. Na tarar da ubansa ya iso daga ruga, an karɓe masa takobi da sanda a bakin ƙofa. Sarbeyan na zaune da ɗinki a goshi, yana rantsuwa zaginsa aka yi.

Da hannun hagu na yi aikin. Kalmomi da yawa sai da hannu biyu, na riƙa cikewa da fuska da kafaɗa, yaron na gyara mini. Ya nuna yadda ya ɗaga tafi, na bayyana abin da yake nufi. Kwamanda ya ce in tambaye shi dalilin dutsen.

Yaron ya nuna hannuna, ya nuna bakinsa, ya nuna kunnensa, sannan ya ja yatsa a wuya. Aikina shi ne in faɗi abin da aka faɗa.

"Ya ce wannan hannun shi ne bakinsa da kunnensa. Da ya ga an karya shi, ya so ya kashe mutumin."

Sarbeyan ya sunkuyar da kai.

Kwana ɗaya yaron ya yi a tsare, dattawa suka shiga tsakani aka sake shi. An ɗauke sarbeyan zuwa wani gari. Darakta ya ce yaron na iya dawowa.

Uban ya same ni gida da ƙwaryar nono. Ya zauna bakin zaure, bai ɗaga ido ba.

"Malama, Allah shi saka miki. Amma ɗiyana ba ya komawa."

"Baba, saura kaɗan ya yi jarrabawa. Ku yi haƙuri."

"Shanu ba su bugun shi don bai amsa ba."

Na roƙe shi har ya tashi, bai sake shawara ba. Da ruwa ya sauka suka yi arewa da dabbobinsu. Sauran ukun sun ci gaba da zuwa, na koma gefen allo da bandeji. Yatsa ɗaya ya warke a karkace, har yau idan sanyi ya shigo sai na gasa shi da ruwan zafi kafin in shiga aji.