Kujerar da Mama Ladi ta zo da ita

Har yau ban manta da Asabar ɗin da Mama Ladi ta fara zaman majalisar dattawa ba. Ku da kuka kama aikin nan kwanan nan, ku saurara.

Lokacin ina sabo a aikin kula da cocinmu a nan Lafia: shara, tada janareto, jera kujeru. Majalisar dattawa ita ke yanke komai na coci. Maza ne zalla. Mata iyakarsu bakin ƙofa, su miƙo kular abinci su juya. A shekarar aka yi zaɓen dattawa, Mama Ladi mai sayar da doya ta ci.

Fasto ya ce in ƙara kujera ɗaya, na ƙara. Baba Agbo, babban dattijo, wanda shi ya ɗauke ni aiki, ya zo ya ɗauke ta da hannunsa, ya kai sito ya kulle. Ya ce tun da aka aza harsashin cocin nan mace ba ta taɓa zama a ɗakin majalisa ba. Fasto yaro ne, ya sunkuyar da kai.

Na tare Mama Ladi a hanya na gaya mata. 'Yarta da ke karatu a Shabu tana wurin, ta fusata, ta ce a tara mata a tsaya a ƙofa, wannan maganar 'yancin mata ce. Mama ta ce 'yancin nata ne, amma cocin ma nata ne, ba za ta yi masa ihu ba. Ta koma gida.

Ana addu'ar buɗewa sai ga ta, da kujera 'yar tsugunno a ka, wadda take girki a kai. Ta dasa ta a tsakiyar ɗakin ta zauna. Manyan maza a sama, ita a ƙasa kamar uwa a bakin murhu. Kowa ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ladi, mene ne haka?" in ji Baba Agbo.

"Baba, rufin ajin yara na yoyo. Shi na zo mu yi magana. Daga nan ma kuna jina."

Ta yi ta bayani, suna leƙo ta. Can Baba Agbo ya gaji, ya jefo mini makulli.

"Dogara, ɗauko mata kujerar. Wuyana ya ƙage."

Ita da Baba Agbo duk sun rasu yanzu. 'Yar tsugunnon tana sito, na hana a yar da ita. Yau kuna jera wa mata kujeru ba ku ko tambaya. Ni dai abin da na gani a aikin nan, mai jera kujeru ba shi ke ba mutum wuri ba. Nata ita ta ɗauko a ka.