Kawu da Nafilar Haraji

Shekarar da na je Dubai aiki, wato 2018, gidan Kawu na sauka, yayan mahaifiyata, a wani ɗan fulat mai ɗaki biyu a Abu Hail. Da rana ina ofishin kargo a Deira ina auna kwalaye ina rubuta rasit. Da na dawo kuma sai in miƙe a falo da littattafan soyayyar da na cika rabin akwatina da su daga Kano. Na karanta su har ta kai ba na iya ganin mutum ya yi tagumi ban ƙirƙira masa masoyiya ba.

Kawu ya yi shekara talatin da wani abu a Amurka yana aikin gwamnati, har ya zama ɗan ƙasa. Da ya yi ritaya ya ce ya gaji da sanyi, ya tattaro matarsa Hajiya suka dawo inda za su riƙa jin kiran salla ta taga. Daga baya ya sa hannun jari a ofishin kargon da nake aiki. Shekararsu arba'in da aure, amma har lokacin Amarya yake ce mata.

Wata rana muna tsince shinkafa Hajiya ta ba ni labarin awarwaro biyun da ke hannunta. Lokacin da Kawu yake karatu a can kuɗin makaranta suka gagara, sai ta cire awarwaronta shida na zinare, na aurenta, ta sayar. Shi kuma ya yi alkawari in ya yi ritaya zai riƙa mayar mata da ɗaya kowace shekara a watan Afrilu, watan da aka ɗaura musu aure. Biyu sun dawo. Afrilun wannan shekarar kuwa ya zo ya wuce shiru, ba awarwaro, ba bayani.

"Ba ki tambaye shi ba?" na ce.

"Ana tambayar alkawari ne? Sai dai kin gan mu, ni da shi ba yara ba ne. Ina so in ga shidan a hannuna yana raye, ina raye."

Ranar ban iya karanta littafi ba, don babu wanda ya kai wannan daɗi a akwatina.

Bayan ƙaramar Salla sai ga ambulan daga Amurka. Na ga Kawu ya buɗe a baranda, ya karanta, ya yi ajiyar zuciya, ya naɗe ya cusa a aljihun jallabiya. Washegari ma haka. Na leƙa bayan ambulan ɗin, sai na ga rubutun mace ne, mai lanƙwasa. Shi ke nan, kafin azahar na gama haɗa labarin: wata tsohuwar masoyiya ce, tana zaune gindin taga ƙanƙara na zuba, kuma can kuɗin awarwaro na uku ya tafi.

Kwana uku na daure. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na same shi a baranda, na durƙusa.

"Kawu, ka yi haƙuri, ba rashin kunya ba ne. Amma ko wace ce, ka dubi Allah ka tuna da Hajiya."

Ya zura mini ido ta saman tabarau. Da ya gane inda na dosa, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Mace ce kam, 'yar nan. Jikokinta tara. Ita ke yi mini lissafin haraji. Ungo, karanta wasiƙar soyayyar."

Takarda ce guda ɗaya ta cikewa. Kawu ya yi mini bayani yana share hawayen dariya. Amurka ba ta sakin ɗan ƙasarta ko ina ya tafi, sai ya biya haraji. Fanshonsa na gwamnati kuwa cif yake shigowa duk wata, ba a taɓa ko sisi sai in mutum da kansa ya nema. Shekara biyun farko bai samu abin da ya kai a caje shi ba. Da ribar kargo ta haɗu da fansho, sai aka lissafa masa harajin shekara guda a dunƙule, a biya a watan Afrilu. Abin da ya ware na awarwaro shi ya tafi. Matar tana ba shi shawara ne ya cike takardar, ya roƙi a riƙa yankar wani abu daga fanshon duk wata. Gurabe huɗu ne a jiki: bakwai cikin ɗari, goma, sha biyu, ko ashirin da biyu. Ka zaɓi ɗaya ka sa hannu.

"To ai sai ka sa, Kawu."

"Ni? Da hannuna in rubuta wa gwamnati in ce don Allah ku taimaka ku yanki kuɗina? Dubi saman takardar. Su da kansu sun ce ganin dama ne. Nafila ce ke nan. Ni kuma ban yi niyya ba."

A ofis ma ya samu 'yan amshi. Wani Alhaji mai sarin atamfa, da ke jiran a auna masa kaya, ya ji maganar ya riƙe baki.

"Haraji a Dubai? Haba Alhaji! Mu da muka sha gudun masu karɓar haraji a kasuwa, kai kuma kana aika musu katin gayyata? Khalas, shi ke nan, yaga ta kawai."

"Faɗa mata dai," in ji Kawu, yana nuna ni.

Kafin Alhajin ya tafi, Kawu ya cika masa kuɗin kargon da bai kai ba, ya kuma aika aka sayo wa duk ofishin shinkafa da naman rago. Haka yake. Kuɗi ba sa kwana a hannunsa in akwai ɗan Kano a kusa.

Ashe duk abin da muka faɗa a baranda Hajiya ta ji daga kicin. Sai da aka kwana biyu, muna karyawa, ta ɗauko zancen. Ta zuba masa shayi, ta tura masa ƙosai gabansa.

"Malam, ina da tambaya ta addini."

"Bismillah, Amarya."

"Wanda ake bi ramuwar azumi talatin, in ya ga dama ya riƙa yin uku-uku duk wata, in ya ga dama ya bari sai Sha'aban ya yi su a jere. Ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To ganin damar a ina take? A ramuwar, ko a yadda za a yi ta?"

Kawu ya ajiye ƙosan da ya ɗauka. Ya dube ni, na sunkuyar da kai cikin kofina.

"Zan iya tarawa da kaina," ya ce. "Duk wata in ware."

"Kai? Ka ware, mai atamfa ya shigo da ƙarancin kuɗin kargo, ka ce masa a'a? Shekara arba'in ban taɓa jin ka ce wa mutum a'a ba. Don haka na aure ka, ba gori nake maka ba. Amma bar waɗancan su riƙe maka. Su ba su da kunyar kowa."

Ni dai nan take na ji ƙwalla ta cika mini ido. Na sha karanta yadda ake furta so a gindin bishiya da bakin kogi, ban taɓa jin an furta shi a kan haraji ba.

Kawu ya shanye shayinsa, sannan ya ce in miƙo masa biro. Ya kai hannu kan bakwai, Hajiya ta yi gyaran murya, ya matsa zuwa goma. Ni na kai takardar gidan waya.

Duk wata in fansho ya shigo a rage sai ya yi mita. "Sun sha shayinsu," yake cewa, ya juya wayar ya nuna mana. Hajiya ta ce Allah ya sa ya yi musu daɗi.

Da Afrilu ya zagayo, matar mai jikoki tara ta rubuto cewa abin da aka yanka ya isa. Ranar Asabar muka shiga tasi mu uku zuwa kasuwar zinare ta Deira. Hajiya ta sa mai shago ya fito da tire huɗu, ta zaɓi wani siriri mai zanen igiya, ta yi ciniki da Larabcinta na kasuwa har mutumin ya ɗaga hannu sama ya ce ta ci. Sai aka zo sawa, awarwaro ya ƙi wuce gaɓar hannunta. Mai shago ya ɗauko wanda ya fi faɗi, Hajiya ta ce ita wannan take so. Ya kawo 'yar leda ya zura mata a hannu kamar safa, zai tura, Kawu ya ce masa ya dakata. Ya cire tabarau ya ba ni, ya riƙe yatsunta ya matse su a hankali, yana turawa kaɗan-kaɗan.

"Za ka karya ni, Malam."

"Yi haƙuri, saura ƙiris."

Awarwaro ya wuce.